Titi Ne Zai Kauce, Ba Ƙofar Gari Ba

Akwai maganar da ake yi duk lokacin da aikin titi ya tunkari wani tsohon gini a garuruwanmu: "Ba rushewa za a yi ba, matsar da shi kawai za a yi." Ana faɗinta cikin sanyin murya don hankalin jama'a ya kwanta, kuma galibi yana kwanciya. Sai a wayi gari katafila ta iso, kafin la'asar abin da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ya koma tarin ƙasa, tifa na kwasa. Bayan 'yan watanni wani gini na bulo da kankare ya tashi a wurin ko kusa da shi, ya fi na da faɗi, ya fi shi tsawo, an shafa masa fenti ruwan ƙasa, an ɗora masa zankwaye, an rubuta masa tsohon sunan a goshi. A Kano, Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 saboda faɗaɗa titi ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai, amma ba ita kaɗai ce ta ga wannan rana ba.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne ginin ƙasa ba ya ɗaguwa. Duk wanda ya ce zai ɗauke ƙofar gari ko tsohon soro ya kai gaba, rushewa zai yi ya gina wani. Tunda haka ne, idan titi da ƙofa suka yi karo, titin ne ya kamata ya kauce.

Masu goyon bayan irin wannan aiki sukan kafa hujja da Masar, kuma hujjar ta cancanci a saurare ta da kyau. A 1960 aka fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a kan Kogin Nilu. An san cewa idan ruwa ya taru a bayanta zai haɗiye yankin Nubiya, tun daga kudancin Masar har cikin arewacin Sudan, da duk abin da ke bakin kogin. Cikin abubuwan da za su nutse akwai haikalai biyu na Abu Simbel, waɗanda Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa a jikin dutse fiye da shekara 3,000 da suka wuce, da gumakansa huɗu zaune a bakin ƙofa, kowanne tsawonsa ya kai kimanin mita 20. A wannan shekarar ce UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta yi kira ga duniya a kawo ɗauki. Daga 1964 zuwa 1968 aka yi aikin. Sai da aka fara gina shinge na wucin gadi don tare ruwan da ya riga ya soma tasowa. Aka binne fuskar haikalin da yashi don kada duwatsun da ake fasawa daga sama su faɗo wa gumakan. Sannan aka yanyanka ginin gunduwa-gunduwa, fiye da 1,000, matsakaiciya tan 20, manyan har tan 30. Inda sassaƙar take da kyau sosai, kamar fuskoki, da zarton hannu aka yanka don kada tsagar ta yi faɗi. Kowace gunduwa aka ba ta lambarta, aka ɗaga ta mita 65 sama da inda take, aka ja da ita kimanin mita 200 baya daga bakin ruwa, aka sake harhaɗawa. A bayan haikalan aka gina manyan kubbobi na kankare, aka tara musu duwatsu da ƙasa don su yi kama da tsaunin asali. Har fuskantar rana sai da aka kiyaye, domin sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da na Oktoba, hasken safiya yakan ratsa dogon zauren ya sauka kan gumakan da ke can ƙuryar ciki. Kuɗin aikin ya kai kimanin dala miliyan 40 na wancan zamani, ƙasashe kusan 50 suka sa hannu a aljihu.

Aiki ne da ya isa a jinjina masa. Amma a duba dalilin da ya sa aka yi shi. Ruwa ne zai rufe wurin har abada, babu wata hanya ta uku tsakanin a ɗauke ko a rasa. Ba don mota ta samu wurin juyawa aka yanka dutsen ba. Kuma abin da aka ɗauka dutse ne, wanda zarto ke iya rabawa a mayar ya koma yadda yake. Shekara huɗu aka yi ana aunawa, ana lissafi, ana rubuta kowane yanka a takarda. Wanda zai kafa mana hujja da Abu Simbel, sai ya nuna mana takardun awon da ya yi wa ƙofar da yake shirin taɓawa.

Akwai kuma ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Ruwan da aka tserar da gumaka daga gare shi ya tashi mutane kimanin 100,000 daga garuruwansu. Nubiyawan Masar aka kai su wajen Kom Ombo, nesa da bakin kogin da suka saba. Na Sudan, mutanen Wadi Halfa, aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba a gabashin ƙasar, inda aka kafa musu Sabuwar Halfa. Gidajensu na ƙasa, masu zane a bakin ƙofa, ba wanda ya ba su lamba. Suna ƙarƙashin tafkin. Wasu ƙananan haikalan kuwa kyauta aka bayar da su ga ƙasashen da suka taimaka. Na Dendur yana birnin New York a cikin wani babban ɗakin gidan tarihi, na Debod yana wani lambu a Madrid. Duwatsun suna nan lafiya lau, amma wanda ya tsaya gabansu ba zai san me ya sa aka gina su suna kallon Nilu ba.

Masana wannan fanni sun daɗe da gane haka. A 1964, shekarar da aka fara aikin Abu Simbel, suka taru a birnin Venis na Italiya suka fitar da yarjejeniyar da har yau ake komawa gare ta kan kula da tsofaffin gine-gine. Sashe na 7 yana cewa ba a raba gini da tarihin da yake shaida a kai, ba a kuma raba shi da wurin da yake. Ɗauke shi, duka ko wani yanki, ba ya halatta sai in tsirarsa ta dogara da hakan, ko kuma akwai wata babbar maslaha ta ƙasa ko ta duniya da ta fi ƙarfin komai. Ko a zamanin nan da ake da injunan da ke ɗaukar gini ɗungurungum, maganar ba ta sauya ba. A 2017 Turkiyya ta ɗora kushewar Zeynel Bey, ginin ƙarni na 15 mai nauyin kimanin tan 1,100, a kan wata doguwar mota mai tayoyi da yawa, aka tafi da ita kusan kilomita 2 don kada ruwan madatsar Ilisu ya cinye ta. Kushewar ta tsira. Tsohon garin Hasankeyf da take ciki a bakin Kogin Dijla ya nutse.

To mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli magina na gargajiya suna aiki ya san abin da nake nufi da cewa ginin ƙasa ba ya ɗaguwa. Ana haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki tana tsima, a sake juyawa. A mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana ya bushe. Ranar gini magini yana zaune bisa katanga ya raba ƙafafu, yaronsa na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa, yana kafa shi a tsaye, yana ɗura kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakani da tafin hannu. Katangar tana da kauri a gindi, tana sirancewa tana hawa. Idan ta bushe, tubalin da ƙasar da ta riƙe shi sun zama jiki ɗaya, babu gaɓar da za a bi da zarto. Rufin ma haka. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa komai ba, ana jera ta ne a ɗaure a binne cikin ƙasa, kowane sanda yana ɗauke da na gaba da shi, har bakan gizo ya haɗu a tsakiya. Ƙarfin ginin duka yana cikin zamansa wuri ɗaya da nauyinsa a kan ƙasar da ya zauna a kai. Ka girgiza shi kaɗan, ya tsage daga sama har ƙasa.

A nan ne wasu ke kawo wata hujja da ta fi ta Masar ƙarfi. Sukan ce ai ginin ƙasa dama kullum sabunta shi ake yi, duk shekara bayan damina ana yaɓe, ana cike inda ruwa ya zaizaye, ana sauya azarar da ta gaji, saboda haka babu wani abu na asali da ya rage a jikin kowace ƙofa, rushewa a sake ginawa ba wani abu ba ne. Gaskiya ne cewa fatar ginin ƙasa tana sauyawa. Babban masallacin Djenne na Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, ba kuma wanda ya ce ya daina zama tsohon masallaci. Amma yaɓe ɗora sabo ne a kan tsoho. Cikin katangar yana nan, faɗinta yana nan, inda ta karkata yana nan, harsashinta yana inda waɗanda suka fara suka sa shi. Maginin da ya zo gyara yana bin abin da ya tarar da hannunsa, kamar yadda wanda ya koya masa ya bi abin da shi ma ya tarar. Wannan sarƙar ita ce asalin da ginin ƙasa yake da shi. Katafila tsinka ta take yi, kuma ɗan kwangilar da zai zo bayanta hoto yake kallo, ba katanga yake taɓawa ba.

Kuma ƙofa ba ado ba ce da za a ajiye ko'ina. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, aka riƙa faɗaɗa ta a zamunan baya, musamman zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Kowace ƙofa an huda ta ne a inda take saboda wata hanya da ke fita daga nan, ko wata unguwa, ko wata sana'a. Marina tana gindin Ƙofar Mata. Ta wajen Kabuga sojojin Turawa suka shigo a 1903. Ƙuncin ƙofar ma da gangan ne, don mahaya kada su shigo a jere da yawa, don Sarkin Ƙofa ya ga mai shiga da mai fita, don a iya rufewa da dare. Idan aka buɗe ta ta ɗauki tirela biyu gefe da gefe, yaron makarantar da aka kawo ya gani zai tafi da fahimtar da ba daidai ba. Zai ɗauka haka kakanninsa suka tsare gari, da ƙofar da runduna za ta shige a guje.

Ba na ƙin kwaikwayo a inda ya dace. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Najeriya, wanda ya samo asali daga aikin wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, da ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu yana zanawa. A can an gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano da kwafin masallacin Zariya, da ƙasa, da hannun magina. Wannan abu ne mai amfani, domin kowa ya san kwafi ne, kuma ba a rushe na asali don a gina shi ba. Matsalar tana farawa ne a ranar da aka ajiye kwafi a gurbin asali aka ce wa mutane shi ne.

Yanzu a zo ga abin da ke damun mai Adaidaita Sahu da mai ɗauke da mara lafiya a mota. Garin ya cika, cunkoso gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a bakin ƙofa da mace mai naƙuda a bayan mota ba zai saurari dogon bayani kan Gijimasu ba. Ina tare da shi. Amma ba a taɓa tilasta mana zaɓi tsakanin titi da ƙofa ba. Ana iya huda hanya a gefe, ta dama ko ta hagu ko duka biyun, a bar tsohuwar ƙofar a tsakiya don masu tafiya a ƙafa da masu keke, a yi mata ɗan fili da shinge don manyan motoci kada su riƙa gogar ta. Wannan yana cin wani yanki na ganuwa, na sani, kuma yana iya cin wasu gidaje da sai an biya diyya. Amma a wurare da yawa ganuwar da ke gefen ƙofa ta riga ta zube ko an cinye ta da gini, kuma asarar taku ashirin na katanga ba ɗaya ba ce da asarar ƙofa. Alƙahira ta fi Kano yawan jama'a da motoci nesa ba kusa ba, amma Babul Futuh da Babun Nasr da Babu Zuwaila, ƙofofin ƙarni na 11, suna nan tsaye inda aka gina su. An nema wa motoci wasu hanyoyin. Abin da yake sa a fi son miƙa titi ta cikin ƙofa shi ne ya fi sauƙin zanawa a ofis, ya fi arha ga ɗan kwangila, kuma ƙofa ba ta da mai zuwa karɓar diyya.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, ɓarnar da ta fi yawa a tsohon birni ba katafilar gwamnati ke yin ta ba. Mu muke yi, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya isa aure, babu fili, sai a rushe shigifa a kafa bene. Gado ya rabu, kowa ya ja katangarsa ta bulo. Mai zaure ya ga ana samu a haya, ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe ya mayar shago. Ba na zargin kowa a nan, domin buƙata ce ta gaske, kuma unguwar da aka hana mutanenta ƙara ɗaki unguwa ce da za su bari su koma bayan gari, gidajen su rufta babu kowa a ciki. Ƙari dole ne. Yadda za a yi shi ne abin magana.

Abu na farko ruwa ne, kafin a zo maganar kyau. Mutum ya gaji da yaɓen shekara-shekara, sai ya sayo siminti ya lulluɓe katangar ƙasa, ya ce ya huta. Shekara biyu ko uku abin ya yi kyau. Amma katangar ƙasa tana shan laima daga gindi da ta tsaguwa, kuma da can takan fitar da ita ta jikinta idan rana ta fito. Siminti ya toshe wannan hanya, kamar a sa wa mai zufa rigar leda. Laimar ta taru a ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, simintin ya rabu da bango. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar fanko. Wata rana cikin Agusta sai ya ɓallo falle guda da rabin katangar a jikinsa. Magabata da suka yi amfani da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, sun san abin da suke yi: abin da zai tare ruwan sama amma ya bar bango ya yi numfashi. Haka kuma maƙwabcin da ya kafa bene ya juyo da bakin kwanonsa kan katangar ƙasar da ke jikinsa, ko ya ɗaga daɓen gidansa ya fi na lungu har ruwa ya koma kwanciya a gindin bangon wani, ya kashe wannan bangon ko da bai taɓa shi da hannu ba.

Sai tsawo. Unguwannin cikin birni an gina su ne a kan fahimtar cewa tsakar gida sirri ce. Mata suna girki, suna wanki, suna shan iska ba mayafi, don sun san ba idon da ke kansu. Bene mai hawa biyu da taga a baya yana kwashe wannan sirri daga gida huɗu ko biyar a lokaci ɗaya. Wannan ba sabuwar damuwa ba ce da masana daga waje suka kawo mana. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi dogon bayani kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, da indararon da ke zuba a bangon wani, da ƙofar da aka buɗe daidai da ta wani, duka a ƙarƙashin hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce tun a ƙarni na 14. Dokar da za ta ce kada sabon gini a cikin ganuwa ya wuce tsawo kaza, kada tagarsa ta kalli tsakar gidan wani, doka ce da liman zai iya karanta hujjarta a kan mumbari.

Game da kamanni kuwa, ina ganin kuskure biyu ake yi, kuma na biyun ya fi yaudara. Na farko shi ne a manna wa tsohon soro gini mai tayil mai sheƙi da gilashi shuɗi da rufin kwano mai tsini, wanda ke danne duk abin da ke kusa da shi. Wannan kowa yana ganin muninsa. Na biyu shi ne a yi ginin bulo sannan a yi masa shigar tsoho, zanko na siminti a kowace kusurwa, dagi da aka zuba a ƙwarya ɗaya aka liƙa sau goma, fenti ruwan ƙasa, har baƙo ya kasa gane wanne ne na da wanne ne na jiya. Yarjejeniyar Venis ta yi magana a kan duka biyun. Ta ce ƙari kada ya rage wa tsohon gini kwarjini ko ya ɓata dangantakarsa da abin da ke kewaye da shi, kuma abin da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambance shi, don kada a yi wa tarihi ƙarya. Sabon ɗaki ya ɗauki tsawon tsohon, da kaurin bangonsa, da ƙanƙantar tagoginsa, da launin ƙasar wurin, ya ja baya kaɗan ya bar zaure ya ci gaba da zama fuskar gida. Ba sai ya yi kamar shi ma ya ga zamanin Rumfa ba.

Masallatai biyu sun isa misali. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a wajen shekarun 1830, ana lissafa shi cikin mafi ƙwarewar abin da hannun maginin Hausa ya taɓa yi, saboda ginshiƙansa da bakan gizonsa da zanen da ke jikinsu. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na zamani, tsohon ya koma ciki. An yi haka da kyakkyawar niyya, kuma cikin ya daɗe ana ganinsa, amma fuskarsa ta waje ta ɓace wa gari. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Duk mai kiran a bar tsohon gini a tsaye, wajibi ne ya riƙa tuna wannan rana, ya kuma ɗaga murya daidai gwargwado wajen neman a riƙa duba ginin duk shekara, a hau rufi, a ƙwanƙwasa azara, a rufe wurin idan an ga tsaga. Ran mutum yana gaba da kowane soro.

Na biyu yana Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. Tsohon masallacinsu na ƙasa ya tsufa, jama'a kuma suna buƙatar wanda ya fi shi girma. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara a bar tsohon inda yake, a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kimanin 1,000 a kusa da shi. Aka gayyato maginan da suka san tsohon ginin suka shiga aikin. Sabon an yi shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, daga ƙasar yankin. Aka gama a 2018. Wanda ya ga hotonsu ba zai rikita su ba, sabon sabo ne, layukansa a miƙe, amma launinsu ɗaya, kuma bai danne tsohon ba. Ba a rushe komai ba, ba a ɗauke komai ba, kuma yaran gari sun samu wurin karatu.

Agadas ma ta nuna ana iyawa a gari guda. Tun 2013 tsohon birnin yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan da magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita suna jerin jira na wannan hukuma tun 2007. Kowace ƙofa da aka mayar kankare tana rage abin da za a nuna idan masu dubawa suka zo.

Sai dai ba adalci ba ne a ce wa talakan cikin birni ya riƙe mana tarihi da aljihunsa. Yaɓe kuɗi ne, azara ta yi tsada don giginya ta ragu, kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike da yawansu an yi gini, sai an sayo ƙasar daga nesa. Maginan da suka iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakan gizo, suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo don a nan aiki yake. Idan gwamnatin jiha da masarauta da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suna son a bi ƙa'ida, sai su ɗauki rabin nauyin. A ware wa gidajen da aka tantance tallafin gyara duk shekara kafin damina. A ba magina na gargajiya kwangilar kula da ƙofofi da ganuwa kai tsaye, da sharaɗin kowanne ya ɗauki yara yana koya musu. A sa Sarkin Magina da mai unguwa cikin waɗanda za su sa hannu kafin a ba da izinin bene a cikin ganuwa, domin su suka san bangon wa zai sha ruwan wa. Kuma kafin a sake ba da kwangilar wani titi da zai ratsa ganuwa, a tura masu awo su bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, su rubuta wacce ce har yanzu take da tsohon jikinta na ƙasa, su auna ta ciki da waje, a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma miƙa wa injiniyan titi kwafi tun bai ja layinsa na farko ba.